Ubuntu 20.04: Wa'adin Da Ya Cika Ba Tare Da Takardar Tuni Ba

A ƙarshen watan Mayun 2025, kamfanin Canonical da ke Landan ya daina aika facin tsaro na kyauta ga Ubuntu 20.04, ɗaya daga cikin nau'o'in babbar manhajar Linux da suka fi yaɗuwa a duniya. Ranar ta zo ta wuce babu hayaniya. Babu kwamfutar da ta mutu, babu shafin da ya rufe. Duk na'urar da ke ɗauke da wannan zubi ta tashi washegari kamar yadda ta saba, kuma za ta ci gaba da tashi har ranar da ƙarfenta ya gaji. Abin da ya sauya ido ba ya ganinsa: daga wannan rana, duk ɓarakar da aka gano a jikinta, babu mai zuwa ya toshe sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi.

Mai karatu da ke aiki a Sakatariyar Tarayya, ko a ofishin wani ɗan majalisa, zai iya cewa ina ruwansa, tunda kwamfutar da ke teburinsa Windows ce ke tafiyar da ita. Sai dai aikin gwamnati a yau ya wuce kan tebur. Shafin da ake cike takardar neman aiki, akwatin wasiƙar ma'aikata, rumbun da ake tara sunayen masu cin gajiyar wani shiri, manhajar da ke bin sawun fayil daga ofis zuwa ofis, kowannensu yana zaune ne a kan wata kwamfuta da masana ke kira uwar garke, wadda babu mai zama a gabanta. Wata tana cikin ɗaki mai sanyi a ƙasan bene, wata kuma hayar gurbinta aka yi a cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone ko ta wani kamfani a ƙetare. Galibin irin waɗannan kwamfutoci da ke ɗauke da shafukan intanet a duniya Linux ce a cikinsu, Ubuntu kuwa tana sahun gaba a danginta. Don haka duk ma'aikatar da ta ba da kwangilar gina mata shafi tsakanin 2020 da 2022, ya dace wani a cikinta ya tambaya: a kan wane zubi aka ɗora shi?

Jadawalin da aka sani tun ranar farko

Babbar manhaja ita ce ke tsakanin ƙarfen kwamfuta da sauran manhajojin da ake aiki da su. Ita ke raba musu wuri, ita ke tsaron ƙofa, ita ke yanke hukuncin wanda zai buɗe wane fayil. Linux ta samo asali a 1991 daga hannun Linus Torvalds, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Ana ce mata buɗaɗɗiya saboda kowa na da damar karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya raba wa wasu, ba tare da sayen lasisi ba. A kanta aka gina Debian a 1993, a kan Debian kuma attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya gina Ubuntu, wadda ta fara fitowa a Oktoban 2004. Sunan daga harsunan Zulu da Xhosa aka ɗauko shi, ma'anarsa kuma tana kusa da abin da Bahaushe ke kira mutumci.

Abin da ya bambanta Ubuntu tun farko shi ne riƙe lokaci. Sau biyu a shekara take fitar da sabon zubi, a Afrilu da Oktoba, kuma lambar zubin ita ce ranar haihuwarsa: lambobi biyun farko shekara, na bayan ɗigo wata. 20.04 na nufin Afrilun 2020. Wanda ya san wannan zai faɗi shekarun kwamfuta da kallo ɗaya, kamar yadda makiyayi ke gane shekarun saniya daga haƙoranta. Yawancin zubin nan ɗan gajeren zango ne, wata tara kawai ake kula da shi. Amma a Afrilun kowace shekara mai cikakkiyar lamba, wato 2020, 2022, 2024, ana fitar da na dogon zango, wanda ake yi wa alamar LTS, shi kuma shekara biyar ake aika masa faci kyauta. Shi ne wanda ma'aikatu da kamfanoni ke ɗora aikinsu a kai. Kowane zubi kuma da laƙabinsa na dabba: 20.04 shi ne Focal Fossa, da sunan wata dabbar daji ta Madagaska, 22.04 Jammy Jellyfish, 24.04 kuma Noble Numbat. Sunayen na da ban dariya, amma wa'adin da ke bayansu babu wasa a ciki.

An saki 20.04 ne ranar 23 ga Afrilun 2020, lokacin da Abuja ke cikin kullen korona, kuma tun a ranar an san shekarar da za a janye masa kulawa. Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa fahimtar irin wannan lissafi. Ranar da ya karɓi takardar kama aiki, ranar ce aka san lokacin ritayarsa: shekara 35 a bakin aiki ko 60 da haihuwa, duk wadda ta riga. Babu wanda ritaya ta taɓa yi wa ba-zata sai wanda ya ƙi duba kalanda.

A nan akwai abubuwa biyu da ake yawan haɗawa wuri ɗaya. Na farko faci ne, wato ƙananan gyare-gyaren da ke zuwa kusan kowane mako, a saka su cikin mintoci, zubin yana nan yadda yake. Na biyu ƙaura ce daga wani zubi zuwa na gaba, inda ake sauya kusan komai da ke cikin na'urar a zama ɗaya. Faci kamar toshe yoyon rufi ne kafin damina, ƙaura kuwa sake ginin gida ne alhali masu gidan suna ciki. Wanda ya ƙi yin ƙaura idan lokacinta ya yi, shi ne ake yanke wa faci.

Misali ɗaya ya isa ya nuna abin da hakan ke nufi. A Janairun 2022 kamfanin tsaro na Qualys ya bayyana wata ɓaraka a cikin wata 'yar manhaja mai suna pkexec, wadda ke cikin kusan kowane nau'in Linux. Aka yi mata laƙabi da PwnKit. Duk wanda ya samu ƙaramar damar shiga na'ura, ko da a matsayin mafi ƙanƙantar mai amfani, yana iya bi ta wannan kafa ya zama mai cikakken iko da ita. Kuskuren yana nan tun 2009, shekara goma sha biyu babu wanda ya bayyana shi. Da aka bayyana, masu 18.04 da 20.04 suka samu facinsu nan take. Masu 16.04 kuwa, wanda wa'adinsa ya cika a Afrilun 2021, sai waɗanda suka yi rajistar ƙarin kulawa ne gyaran ya isa gare su. Sauran suka zauna da ƙofa a buɗe, ga shi kuma an riga an sanar da duniya inda ƙofar take. Wannan shi ne mugun ɓangaren lamarin: sanarwar da ke ceton mai sabon zubi ita ce taswirar da ɗan dandatsa ke bi zuwa gidan mai tsoho.

Abin da ba a saya ba

Me ya sa ofis zai bar irin wannan wa'adi ya wuce shi, alhali an sanar da shi shekara biyar kafin ya zo? A ganina amsar tana cikin yadda aikin ofis ke tuna abu. Ofis yana tuna abin da ya zo a takarda. Manhajar da aka saya da lasisi tana da mai tunatarwa: wata uku kafin lasisin ya ƙare wakilin kamfani zai fara zarya, ya kawo takardar biya, a buɗe fayil, darakta ya sa hannu, sashen kuɗi ya nemi gurbi. Buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da wakili. Iyakar abin da Ubuntu ke yi shi ne rubuta layi biyu a baƙin allon da mai kula da na'urar ke gani idan ya shiga, cewa akwai sabon zubi, ga umarnin da za a buga. Idan babu mai shiga, babu mai gani.

Sau da yawa kuwa babu mai shiga. Ɗan kwangilar da ya gina shafin ya miƙa aiki, an biya shi, wa'adin kulawar da ke cikin yarjejeniya ya ƙare. Jami'in da ya karɓi aikin an yi masa canji zuwa wata ma'aikata, takardar miƙa aikinsa kuma ta lissafa kujeru da firinta da makullan kabad, amma ba ta ambaci lambar zubin da ke cikin uwar garke ba. Rajistar kadarori ta san akwatin ƙarfen, ta san kuɗinsa da ranar sayensa, amma abin da ke cikinsa, tunda ba a biya ko kwabo a kansa ba, ba shi da layi. Shi ma kasafin kuɗi ya fi son sabon abu: ya fi sauƙi a kare buƙatar gina sabon shafi a gaban kwamiti da a kare buƙatar biyan ƙwararre ya yi mako biyu yana aikin da, idan ya yi kyau, babu wanda zai ga bambanci.

Ba a ofisoshin gwamnati kaɗai ake samun wannan ba. A 2017 kamfanin Equifax na Amurka, mai tara bayanan bashin jama'a, ya yi asarar bayanan mutum kusan miliyan 147. Kafar da masu kutse suka bi tana cikin wata buɗaɗɗiyar manhaja ce mai suna Apache Struts, kuma facinta ya fito tun watan Maris. Kutsen ya fara ne a watan Mayu. Gyaran yana nan kyauta wata biyu cur, wanda zai saka shi a na'urar da ta dace ne aka rasa. A 2019 kamfanin ya amince da sasantawar da za ta iya kai dala miliyan 700.

Yadda ƙaurar take

Dokar farko ita ce ba a tsallake zango. Mai 20.04 da ke son kaiwa 24.04 dole ya yada zango a 22.04, ya tabbatar komai na aiki, sannan ya sake ɗaura kaya. Mai 18.04 zango uku ke gabansa. Kowace shekara biyu ta jinkiri ƙarin zango ce, kowane zango kuma da nasa haɗari.

Umarnin da ke yin aikin gajere ne, sunansa do-release-upgrade, kuma buga shi bai kai daƙiƙa biyar ba. Aikin gaske yana kafin a buga. Sai an san abin da ke gudana a cikin na'urar tukuna, domin uwar garken da ta shekara biyar tana aiki takan tara ayyukan da ba a rubuta ko'ina ba: wani ɗan umarni da ke kwashe rahoto kowane dare, wata hanya da aka buɗe wa wani sashe shekaru uku da suka wuce. Sai an kwafe komai an ajiye a wani wuri dabam, kuma a gwada dawo da kwafin a ga ya dawo, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba fata ne kawai. Inda hali ya yi, ana yin tagwayen na'urar a fara gwada ƙaurar a kanta, duk abin da zai fashe ya fashe a can. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan an buga umarnin, manhajar takan fara da kashe duk wata kafar samun kaya da ba ta Ubuntu ba, wato rumbunan waje da wani ya taɓa ƙarawa don ya samu wata manhaja ta musamman. Daga nan ta lissafa abin da za ta sauke, abin da za ta sauya, da abin da za ta cire, ta tsaya jiran amincewa. Wannan jeri na abin da za a cire ya cancanci a karanta shi kamar yadda ake karanta takardar da za a kai wa Babban Sakatare, layi bayan layi, domin a cikinsa ne wani lokaci ake ganin sunan abin da aikin ofis gaba ɗaya ya dogara a kai. Idan kuma daga nesa ake aikin, ta hanyar shiga da ake kira SSH, manhajar takan buɗe wata ƙofar ko-ta-kwana mai lamba 1022, saboda idan babbar ƙofa ta rufe ana tsakiyar aiki a samu ta inda za a koma. Inda aka kafa katangar tsaro, sai mai aikin ya buɗe wa wannan lamba hanya da hannunsa, in ba haka ba ƙofar tana nan amma a bayan katanga.

Ana cikin tafiya kuma za ta riƙa tsayawa tana tambaya. Duk fayil ɗin saiti da ta tarar an taɓa gyara shi da hannu, sai ta ce: a bar naka, ko a sa sabo? Tambaya ce mai sauƙin ji, mai wuyar amsa. Idan aka sa sabo, gyaran da wani ya yi don wata buƙata ta ofis ya tafi. Idan aka bar tsoho, mai yiwuwa sabuwar manhajar ba ta gane wasu layukansa ba. Wanda zai amsa daidai shi ne wanda ya san dalilin gyaran farko, kuma a nan ne rashin rubuta abu shekara biyar da suka wuce ke fitowa fili.

Sai maganar wuta, wadda littattafan jagora na Turai ke ambata a layi ɗaya su wuce, mu kuwa ita ce rabin shiri. Ƙaurar mataki biyu ce. A na farko ana sauke kaya ne daga intanet, kuma idan layi ya yanke ko wuta ta ɗauke a nan, babu asara, a sake farawa. A na biyu ana kwance tsofaffin sassa ana ɗaura sababbi, kuma idan na'urar ta mutu a wannan gaɓa za ta iya tashi rabi tsohuwa rabi sabuwa, ko ta ƙi tashi sam. Galibi ana iya gyarawa, amma sai ƙwararre ya zauna a gabanta da kansa. Saboda haka kafin a fara, ana buƙatar sanin ko batiran na'urar riƙe wuta suna da rai, ko akwai mai a janareto, da kuma ko mai kunna shi yana nan a ranar. Irin wannan aiki a ƙarshen mako ake yi, lokacin da ofis ba kowa, wanda kuma shi ne lokacin da aka fi kashe janareto.

Abin da ya fi fashewa bayan an gama, ba ita babbar manhajar ba ce. Ita takan tashi lafiya. Abin da aka ɗora a kanta ne ke tuntuɓe, domin kowane zubi yana zuwa da nasa kayan aiki. Harshen PHP, wanda aka rubuta ɗimbin shafukan intanet da shi, yana kan 7.4 a Ubuntu 20.04, ya koma 8.1 a 22.04, sannan 8.3 a 24.04. Tsakanin 7 da 8 an cire wasu tsofaffin umarni, wasu kurakuran da a da ake kau da kai a kansu kuma suka zama masu tsayar da aiki. Shafin da aka rubuta a 2020 ba a sake taɓa shi ba zai iya wayar gari fari fat. Harshen Python ya tashi daga 3.8 zuwa 3.10 zuwa 3.12. Rumbun bayanai na PostgreSQL ya tashi daga 12 zuwa 14 zuwa 16, kuma bayanan da ke cikinsa ba sa bin ƙaurar da kansu, sai an kwashe su da wani umarni na dabam. Har ila yau, daga 22.04 hanyar SSH ta daina karɓar wani tsohon salon sa hannu da aka tabbatar ya yi rauni, don haka wata tsohuwar na'ura da ta saba turo fayil kowace safiya za ta iya tarar an ƙi buɗe mata. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake sirri, duk an rubuta su a bayanan da ke rakiyar kowane zubi. Amma gyaransu aikin mai rubuta manhaja ne, kuma idan ɗan kwangilar farko bai miƙa asalin rubutun shafin ba, ma'aikata za ta tarar tana da gida babu zanen gininsa.

Saboda irin wannan ne ƙwararru da dama suka fi son wata hanyar: a kafa sabuwar na'ura da sabon zubi tun daga tushe, a kwashe aikin zuwa cikinta sannu a hankali, a bar tsohuwar a kunne har sai an gamsu. Ta fi cin lokaci, wani lokaci ta fi cin kuɗi, amma tana barin hanyar komawa, kuma ga mai zango biyu ko uku a gabansa ita ce ta fi hankali.

Gaggawa ma da nata

Kada a ɗauka cewa maganin jinkiri shi ne a ruga ga sabon zubi ranar da ya fito. Labarin 24.04 ya isa ishara. Ana saura makonni a sake shi, ranar 29 ga Maris 2024, wani injiniyan Microsoft mai suna Andres Freund ya sanar da abin da ya gano bayan ya lura cewa shiga wata na'urar gwaji tana ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. Ruwa ba ya tsami banza. Da ya bi diddigi sai ya tarar an dasa ƙofar sirri a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayiloli da ke cikin kusan kowace Linux. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka wa aikin har aka amince masa. Gurɓataccen zubin bai kai ga nau'o'in dogon zango da jama'a ke aiki da su ba, amma ya shiga waɗanda ake kan gwadawa. Canonical ta ɗage fitar da zubin gwaji na 24.04 da mako ɗaya, ta sake gina kayanta don kawar da shakku. Cikakken zubin ya fito ranar 25 ga Afrilu.

Ko a lokacin ma ba a buɗe wa masu 22.04 ƙofar ƙaura ba. Al'adar Ubuntu ce ta jira har sai an fitar da gyararren zubi na farko, mai ƙarin lamba ɗaya a ƙarshe, bayan masu zumuɗi sun ci karo da matsalolin farko an gyara. 24.04.1 ya fito ranar 29 ga Agusta, bayan an ɗage shi da mako biyu. Kwanaki kaɗan bayan haka, a farkon Satumba, aka dakatar da ƙaurar saboda wata tangarɗa a cikin ita kanta manhajar da ke gudanar da ita, sai da aka gyara aka sake buɗewa. Ofishin da ya jira watanni shida ko shekara bayan fitowar zubin bai yi asarar komai ba, tunda 22.04 yana ƙarƙashin kulawa har 2027. Tsarin ya bar tazarar kusan shekara uku tsakanin fitowar sabo da ritayar tsoho, kuma a cikin wannan tazara ake son a zaɓi rana.

Wanda wa'adin ya riga ya wuce shi yana da mafita ta wucin gadi. Shirin Ubuntu Pro yana tsawaita facin tsaro zuwa shekara goma, wato har 2030 ga 20.04. Kyauta ne ga mutum ɗaya a kan kwamfuta biyar, amma ma'aikata mai na'urori da yawa sai ta biya, kuma da kuɗin waje. Yana sayo lokaci, kuma ga aikin da ba za a iya taɓawa a tsakiyar shekara ba, kuɗi ne da ya cancanci a kashe. Sai dai ranar ƙaura tana nan tana jira, zangon kuma yana ƙaruwa.

Jadawali ma yakan sauya. A Disamban 2020 kamfanin Red Hat ya sanar cewa CentOS 8, wani nau'in Linux da kamfanoni da jami'o'i da yawa suka dogara da shi, kulawarsa za ta ƙare a ƙarshen 2021, alhali a baya 2029 aka sa rai. Shekara takwas suka zube a sanarwa ɗaya. Abin da ya ceci jama'a shi ne buɗaɗɗen halin manhajar: wasu suka ɗauki rubutun suka kafa Rocky Linux da AlmaLinux don su ci gaba daga inda aka tsaya. Amma wanda ya amfana shi ne wanda ke da mai bibiyar labari. CentOS 7 shi ma ya yi ritaya ranar 30 ga Yunin 2024, kuma duk tambayar da ta dace a yi kan Ubuntu 20.04 ta dace a yi a kansa.

Gwamnati na iya wannan aiki idan ta ɗauke shi a matsayin aikin yau da kullum. Rundunar jandarmomin Faransa ta fara mayar da kwamfutocinta kan Ubuntu tun 2008, ta gina nata nau'in mai suna GendBuntu, kuma tana bin zubin dogon zango ɗaya bayan ɗaya a kan dubun-dubatar na'urori. 

A gida kuma akwai doka. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane, har da hukumomin gwamnati, ya ɗauki matakan fasaha da na tsari da suka dace don kare su. Idan aka samu kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, dole a sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin awa 72. Dokar ba ta ambaci Ubuntu ba, amma yana da wuya a ga yadda jami'i zai gamsar da mai bincike cewa ya ɗauki matakin da ya dace, alhali sunaye da lambobin shaidar ɗan ƙasa da asusun bankin jama'a suna zaune a kan zubin da mai shi ya sanar shekara biyar a gaba cewa zai daina kula da shi. Kuma wanda zai amsa tambayar ba ƙaramin ma'aikacin sashen kwamfuta ba ne, shugaban da dokar aiki ta ɗora wa alhakin hukumar ne.

Hadimin da ke shirya wa maigidansa takardu ba ya buƙatar koyon Linux kafin ya taɓa wannan batu. Akwai umarni ɗaya, lsb_release -a, wanda idan aka buga a kowace na'ura mai Ubuntu zai fito da lambar zubinta cikin daƙiƙa. Ana iya neman daraktan sashen fasahar sadarwa ya kawo jerin duk kwamfutocin uwar garke na ma'aikata, na cikin gida da na haya, kowace da lambar zubinta, shekarar ƙarewar wa'adinta, aikin da take ɗauke da shi, da sunan wanda ke da makullinta. Shafi ɗaya ya ishe shi a mafi yawan ofisoshi. Duk inda aka ga 20.04 ko ƙasa da haka, sai a tambaya ko an yi rajistar ƙarin kulawa. Inda aka ga 22.04, wa'adinsa 2027 ne, kuma tunda shekarar kasafi daga Janairu take farawa, kuɗin gwaji da na gyaran shafi da na ƙwararren da zai yi aikin sai sun shiga cikin ƙudurin da ma'aikata za ta tura a 2026.